Babi na Shida: Shekarar da Aka Datse Hanya

Duk wanda ya taso daga Kano zai tafi Rano, titin Zariya yake bi, ya wuce Kwanar Dawaki, in ya zo Karfi ya karya hagu, ya ratsa Bunkure da gonakinta na rani, har duwatsun Rano su fara leƙo shi. In Kibiya ya nufa, sai ya ƙara gaba kaɗan. Na bi hanyar nan ba adadi tun ina ɗan makaranta, amma ban taɓa zama na yi tunanin abin da take ɗauke da shi ba sai a shekarar 2020, da aka datse ta. A lokacin ne na gane cewa tuwon gidaje da yawa a ƙasarmu ba daga rumbu kaɗai yake fitowa ba, wani kason a mota yake zuwa.

Abin daga nesa ya faro. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje, a ranar nan kuma aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Mutanenmu suka ji a rediyo, suka ce Allah Ya kyauta, kowa ya ci gaba da sabgarsa. Legas da nisa, Italiya ta fi ta nisa. Bayan mako uku aka rufe filin jirgin saman Malam Aminu Kano ga jiragen ƙetare, ranar 23 ga Maris aka rufe na Legas da na Abuja. Iyakokin ƙasa kuwa dama tun Agustan 2019 suke garƙame saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, sai aka ƙara musu kwaɗo. Kafin watan Maris ya ƙare gwamnatin Kano ta rufe iyakokin jihar. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko a Kano, ranar 16 Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle, ranar 24 aka ɗauki azumi, ranar 27 Shugaba Buhari ya ba da umarnin kulle Kano baki ɗaya na mako biyu, ya kuma sanar da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Cikin wata biyu cur, ƙofar da aka fara turawa a Makka ta zo ta rufu a tashar motar Rano.

A duniya, lissafin asarar da aka fi yayatawa shi ne na yawon buɗe ido. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni ta ce a 2019 an yi tafiye-tafiyen ƙetare kusan biliyan ɗaya da rabi, a 2020 adadin ya faɗi da sama da kashi 70 cikin ɗari. Mun ga hotunan titunan Roma da Faris fayau, mun ga filin ɗawafi babu kowa sai masu shara, kuma wannan hoton na ƙarshe shi ne ya sa dattawanmu hawaye.

A Kano kuwa, gaskiyar magana ita ce korona ba ta tarar da wannan harka da ƙoshin lafiya ba. Akwai zamanin da Turawa da Larabawa da Indiyawan da ke aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suke cika mota ranar Asabar su nufo kudu, su kwana a otal ɗin Bagauda ko a Rock Castle da ke kan dutse yana kallon ruwan Tiga, dam ɗin da aka gina a zamanin Audu Bako aka kammala a 1974. Wasu su hau duwatsun Rurum, wasu su zarce dajin Falgore kallon namun daji. Yara suna bin su da kallo, masunta suna sayar musu da kifi, masu ƙwai da zabi suna samun ciniki. Wannan zamani ya daɗe da jan jiki. Masana'antu sun durƙushe, otal ɗin Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi, sannan harin da aka kai birnin Kano ranar 20 ga Janairu, 2012 ya kori ragowar baƙin da ke zuwa kallon hawan salla da marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. Saboda haka da aka ce ofisoshin jakadancin Amurka da Ingila da sauransu suna kwashe mutanensu a jiragen musamman daga Legas da Abuja a watan Afrilu, babu mai shago ko ɗaya a Rano ko Kibiya da ya ji a jikinsa.

Baƙon da ƙasarmu ta yi asara shi ne ɗan gida. Mu namu yawon buɗe idon da sunan zumunci yake zuwa, da sunan biki da ta'aziyya da salla. Ma'aikacin da ke Abuja, da ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari, da direban tankar da ke jigila tsakanin Legas da Arewa, da ɗalibar da ke Zariya, duk wanda cibiyarsa ke binne a Lausu ko Saji ko Tarai ko Fammar, in salla ta matso gida yake fuskanta. Ya zo da atamfa da shadda, ya yi wa tsofaffi barka da salla, ya sayi rago, ya biya bashin mai shago, ya sa a yaɓe katangar da damina ta ci. Kuɗin da ke shigowa garuruwan nan a makon salla shi ne jarin masu ƙananan sana'o'i na watanni. A 2020 salla biyu aka yi babu wannan.

Sallar farko ma da makoki aka tare ta. Ranar Asabar 2 ga Mayu, tara ga watan azumi, Allah Ya yi wa Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, Autan Bawo, rasuwa a asibiti a Kano. Shekara ɗaya ke nan da ɗaga darajar masarautar, lokacin da aka ƙirƙiri sababbin masarautu huɗu a 2019, Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, abin da mutanen Rano suka ɗauka a matsayin dawowar martabar garin da yake cikin Hausa Bakwai. Rasuwar ta zo a tsakiyar makonnin da Kano ke binne manyanta a jere, malamai da 'yan boko da masu sarauta, makonnin da masu haƙar kabari suka fara faɗa wa duniya cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Daga baya ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma rabi ko fiye da haka suna da alaƙa da annobar. Duk da dokar ba da tazara, jama'a ta yi dafifi wajen jana'izar sarki. An soki hakan a jaridu, kuma ta fuskar lafiya sukar tana da hujja. Amma wanda ya san yadda talakan Rano yake kallon gidan sarautarsa ya san babu shingen da zai tsare shi a gida ranar. Waɗanda shingen ya tsare su ne 'ya'yan garin da ke wasu jihohi, suka yi ta'aziyya ta waya.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka naɗa hakimin Kibiya, Kaigaman Rano Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa, sabon sarki. A shekarar lafiya, da sallar da ta biyo baya ta zama abin ba da labari, hakimai da dagatai su yi hawan gaisuwa ga sabon sarki, mutanen Kibiya su yi ɗango zuwa Rano. An dai yi sallar idi ranar 24 ga Mayu, amma an hana hawa a duk faɗin jihar, haka kuma aka yi da babbar salla a ƙarshen Yuli. A birni ma Sarki Aminu Ado Bayero, wanda aka naɗa a watan Maris, bai yi hawa ba a shekararsa ta farko.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka hawan salla ado ne kawai. Ya kamata ya tsaya ya ƙirga bakunan da ke ci a jikin doki guda. Akwai baduku mai ɗinka linzami da kayan sirdi, da maƙerin likkafa, da mai jalala da dagumi, da mai ɗinka rigar barde da mai bugun ta, da marinin da ya turo ta da baba (ƙasar Rano kuwa tun a tarihin Hausa Bakwai da baba aka san ta), da mai naɗa rawani, da yaron da ke yankan ciyawa da mai dusa da mai kanwa. Bayan su ga makaɗa da masu algaita da kakaki da maroƙa, ga mai hoto, ga mai tsire da mai ƙanƙara da yarinya mai tallan alkaki. Da yawansu bashi suke ci tun watan Sha'aban su sayi kayan aiki, da niyyar biya bayan salla. Na san wani dattijon baduku da ya shekara da kayan doki rataye a shagonsa, ƙura tana hawa yana kakkaɓewa, har fatar ta fara bushewa ya riƙa shafa mata mai. Babu takardar tallafin da sunansa ya shiga, domin babu rajistar da ta san da sana'arsa.

Sai babbar tafiya, wadda Bahaushe ke tara wa kuɗi tsawon rai. A 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi ne suka tsaya a Arfa, Najeriya kuma kujera 95,000 aka ba ta. Ranar 22 ga Yuni, 2020, Saudiyya ta sanar da cewa hajjin shekarar na mazauna ƙasar ne kaɗai, su ma 'yan ƙalilan. A 2021 aka sake takaita shi ga mazauna ƙasar, mutum 60,000.

Kawuna yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Manomi ne, yana da shekara 63 a lokacin. Ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu da gyaɗar kaka biyu, ya haɗa da abin da 'ya'yansa suka tara, ya kai kuɗin ajiya tun farkon shekara, lokacin kujera tana wajen naira miliyan ɗaya da rabi. Ya fara zuwa bita. An koya masa ɗaura harami da wani tsohon zanen gado, yana dawowa gida yana maimaita talbiyya a zaure, jikoki suna amsa masa. Matan gida har sun fara ce masa Alhaji, yana cewa su bari sai ya dawo. Da sanarwa ta fito na kira shi, ina ta kame-kamen yadda zan ba shi haƙuri, sai shi ya riga ni.

"Ɗana, kira ne bai zo ba. In Annabi Ibrahim ya kira sunanka, ko a ƙafa sai ka je."

Na ce, "Kawu, ko za a karɓo kuɗin a mayar da shanun, tunda damina ta kama?"

Ya ce, "Abin da na ba Allah ba na karɓowa."

Daminar nan da hayar garma ya yi huɗa. Aka shiga 2021, aka sake rufewa. A 2022 da aka buɗe, mutum miliyan ɗaya kawai aka yarda su yi hajji, aka rage kujerun Najeriya zuwa 43,008, aka kuma ce sai wanda bai kai shekara 65 ba. Kawu ya cika 65 daidai. Ko waɗanda suka tsallake wannan sharaɗi ba duka suka samu ba, domin maniyyata kimanin 700 daga Kano sun kwana a sansanin alhazai har aka rufe filin jirgin Jidda ba a kwashe su ba. Kujerar da ya ajiye wa miliyan ɗaya da rabi ta koma miliyan biyu da rabi a 2022, ta doshi miliyan uku a 2023. Naira ce take zubewa yana zaune, kuɗinsa suna ajiye suna ƙanƙancewa. A 2023 ya sauke farali, bayan ya jinginar da fadamarsa. Abokinsa da suka kai kuɗi rana ɗaya, suke zama kan tabarma ɗaya a wajen bita, ya rasu kafin a buɗe hanya, magada suka raba kuɗin.

Dangantakar ƙasar Hausa da Gabas ta girmi jirgin sama da ɗaruruwan shekaru. Kakanninmu a ƙafa da jaki suke tafiya, ta Borno da Wadai da Darfur, su yi noma a hanya su ƙara guzuri, wasu su shekara bakwai kafin su ga Bahar Maliya, wasu su zauna a can har abada. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi a Sudan mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. A Makka da Madina da Jidda akwai unguwannin da in ka yi sallama da Hausa za a amsa maka da Hausa. A cikin mutanen nan akwai masu takardar zama, akwai kuma masu yawa da suka shiga da bizar Umara suka maƙale, waɗanda muke kira 'yan Takari ko 'yan Kano-Jidda. Mafi yawansu mata ne, zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu suka bar su da marayu. Aikatau suke yi a gidajen Larabawa, ko sayar da abinci, ko tallan ƙananan kaya a kusa da Harami. Ana yi musu kallon raini a gida, ana faɗin maganganu a kansu, amma in ka zaga ƙauyukanmu ka tambayi wa ya yi rufin kwanon gidan nan, wa ya biya kuɗin jarrabawar yaron can, wa ya yi wa yarinyar nan kayan ɗaki, sau da yawa amsar tana Jidda.

Da aka sa dokar hana fita a Makka dare da rana a farkon Afrilu, waɗannan bayin Allah su ne suka fara jin yunwa. Babu alhazai, babu masu Umara, gidajen da ke ɗaukar 'yan aiki sun rufe ƙofa don tsoron cuta. Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta har da marasa takardar zama, kuma wannan abin a yaba ne, amma wanda ya shekara goma yana ɓuya daga 'yan sanda ba ya kai kansa asibiti da sauƙi. A watan Mayu gwamnatin Najeriya ta fara kwaso 'yan ƙasa: jirgin farko daga Dubai ya sauka a Legas ranar 6 ga wata, na Landan da na Amurka suka biyo baya, sannan aka kawo mutum 292 daga Saudiyya zuwa Abuja, yawancinsu mata masu shayarwa da ƙananan yara. A ƙarshen Janairun 2021 aka sake kwaso kimanin 800 da suka daɗe a tsare a can, aka killace su a sansanin alhazai na Abuja kafin a sallame su.

'Yar goggona tana cikin waɗanda suka dawo a wannan tsakani. Shekara tara ta yi a can, ta tafi ta bar 'ya'ya huɗu a hannun mahaifiyarta. Da motar ta iso bakin gari da la'asar, sai ta sauka ta zauna a gindin wata bishiya, ta ƙi shiga sai da aka yi sallar isha'i. Mun san yadda ake tarbar wanda ya dawo daga Makka: a cika mota a je filin jirgi, a shigo gari ana guɗa, a baje dabino da bagaruwa da ruwan zamzam, kowane yaro ya samu zobe ko hula. Ita kuwa da jakar leda ɗaya ta shigo, da doguwar riga baƙa wadda ta koɗe, da silifa. Kayanta da 'yan kuɗin da ta tara duk suna ɗakin da aka kama ta ba ta koma ba. Ta durƙusa a gaban tsohuwa ta kasa ɗaga kai.

"Inna, ban zo da komai ba."

Tsohuwar ta lalubo fuskarta da hannu biyu, don idonta ya yi rauni, ta ce, "Ke muke roƙon Allah Ya kawo. Tashi ki sha ruwa."

Autarta, wadda ta bari tana tatata, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ta kamar baƙuwa. Da safe yaran maƙwabta suka taru suna jiran tsaraba. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da carbi guda, ta tsinke shi, ta bi su da ƙwaya ɗai-ɗai. Yanzu ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Babban ɗanta ya bar makaranta a shekarar, ya koma ga-ruwa a birni.

Bankin Duniya ya ce kuɗin da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ke aikowa gida ya faɗi daga kusan dala biliyan 24 a 2019 zuwa wajen biliyan 17 a 2020. Wannan lissafin abin da ya bi ta banki ne. Riyal ɗin 'yar goggona ba ta banki yake zuwa ba, a hannun alhazai da masu Umara ake ba da saƙo, ko ta wajen 'yan canji, a ba wani a Jidda wani ya biya a kasuwar canji ta Wapa. Da hanya ta rufu, saƙo ya yanke, kuma babu littafin da ya rubuta yankewarsa.

'Yan kasuwa ma sun ɗanɗana. Masu zuwa Guangzhou da Dubai sarin yadi da waya da takalma suka zauna, waɗanda kullen ya tarar a Sin kuwa suka ga wulaƙanci a watan Afrilu, lokacin da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, har kakakin majalisar wakilai Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotunan. Jiragen ƙetare sun dawo Legas da Abuja ranar 5 ga Satumba, 2020, amma filin jirgin Kano, wanda ya girme su duka, sai a watan Afrilun 2021 aka buɗe shi. Wata bakwai ɗan kasuwar Kano yana biyan kuɗin mota ko na jirgi zuwa Abuja kafin ya fita, kuma mai sayen atamfa a kasuwar ƙauye shi ya biya wannan ƙari.

Mafi yawan 'ya'yan Rano da Kibiya da ke nema a waje ba su taɓa riƙe fasfo ba. 'Yan cirani ne, masu tafiya bayan an gama girbi su dawo da saukar ruwan fari: 'yan acaba da masu dako a Mile 12 da Agege, masu gadi da yankan farce da wankin takalmi a Fatakwal da Onitsha, masu shayi a Abuja. Su dama tun 1 ga Fabrairu gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan unguwanni, wasu sun riga sun ɗoro baburansu a kan tirela sun dawo. Ragowar kulle ya rufe su a ɗakunan da mutum goma ke kwana, babu aiki, babu abinci, ga damina tana matsowa gona tana jira. Dokar ta bar motocin abinci su wuce, saboda haka mutane suka koma kaya, suna kwanciya a kan buhuna ko a tsakanin shanu, a lulluɓe su da tamfol. A kowane shinge direba ya miƙa hannu, kuɗin mota ya ninka, talaka ya biya. Wanda ya shigo ta haka ba a gwada shi ba, ba a killace shi ba, kai tsaye ɗakin tsohuwarsa ya wuce. Manoman tumatir na Kadawa da Bunkure kuma suna kallon kwandunansu suna ruɓewa a Kwanar Gafan, saboda motar da za ta kwana biyu a hanya sai ta kwana biyar.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na almajirai. A daidai lokacin da aka ce kowa ya zauna inda yake, gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu. Kano ta tura 419 Katsina, 524 Jigawa, 155 Kaduna a zubin farko, wasu jihohin su ma suka turo mata nata. Aka cusa ƙananan yara a manyan motoci, kowa da allonsa da ƙullin tsummansa, ana ƙetare iyakokin da aka ce an rufe. Gwamnatin Kaduna ta gwada waɗanda aka kai mata ta samu da dama suna ɗauke da cutar. Tsarin almajirci yana buƙatar gyara, wannan babu musu. Amma tsakiyar annoba ba lokacin yawo da yara ba ne, kuma waɗanda suka ba da umarnin sun fi kowa sani.

Ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce, ko cewa rufe hanya zalunci ne daga tushe. Na yi jana'izar mutanen da na sani a wancan watan na azumi. Addininmu ma ya riga likitocin zamani: umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kada a shiga garin da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma kada ya fita, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annobar Amwas. Malamanmu sun faɗi wannan a rediyo, jama'a kuma sun ji. Inda aka kuskure shi ne an kwaikwayo dokar ƙasashen da ke biyan mutum albashi yana zaune a gida, aka ɗora ta a kan mutumin da in bai fita yau ba ba za a ɗora tukunya ba. An buɗe Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i don a yi cefane, sai kasuwa ta cika ta batse fiye da kullum. Tallafin da aka yi ta sanarwa, abin da ya iso ƙauye bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ɗauki nauyin duk waɗanda suka dawo, na Jidda da na Legas da ɗalibai da almajirai, shi ne gidan gado: rumbun da aka auna don mutum takwas ya ciyar da goma sha biyar, aka cinye iri, aka sayar da akuya, aka shiga watan Agusta da bashi.

An ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, 2020, aka buɗe iyakar Maigatari da ta Illela a watan Disamba. Motoci sun dawo tashar Rano, 'yan kamasho suna kiran Kano da Kibiya da Rurum kamar ba a yi komai ba. Masarautar Rano ma ta sake sauya fasali a 2024, yanzu Rano da Bunkure da Kibiya ne a ƙarƙashinta, a ƙarshen shekarar kuma UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake karewa.

Kirana ga masarauta da ƙananan hukumomin nan shi ne a yi abin da ba ya buƙatar kuɗin Abuja. Kowane mai unguwa ya san gidan da ke da ɗa a Legas da gidan da ke da 'ya a Jidda, ya san badukun unguwarsa da makaɗinta. A rubuta su, dagaci ya riƙe, hakimi ya riƙe, a riƙa sabuntawa duk bayan girbi. Ranar da za a sake datse hanya, ko don cuta ko don yaƙi irin wanda ya koro ɗalibanmu daga Sudan a 2023, a san ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa da mudun hatsi.